Ɗigon da Ba Ya Fitowa Sai Ruwa Ya Yi Zafi: Nazarin Yoyo a Wata Kwamfutar Tebur

Yadda aka haɗa ta

Mai kwamfutar yana sana'ar tace bidiyo ne da zanen gine-gine na 3D. Irin wannan aiki yakan sa na'ura ta kwana tana nishi, ƙarar fankoki kuma ta daɗe da isarsa. Da ya tashi haɗa sabuwa, sai ya ce wannan karon da ruwa zai sanyaya ta.

Sanyaya kwamfuta da ruwa iri biyu ne. Akwai wadda ake sayowa a rufe daga masana'anta, da famfonta da lagiretonta da ruwanta, kai dai ka ɗaura. Akwai kuma wadda mutum ke haɗawa da hannunsa, gunduwa-gunduwa. Ta biyun ya zaɓa. Ya sayi farantin jan ƙarfe mai ramukan ruwa na kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, da wani babba na katin hoto, wato allon da ke sarrafa hoto, da lagireto ɗaya mai tsawon milimita 360 da fanka uku, da famfo nau'in D5 haɗe da tankinsa. Tiyon da ya sa mai tauri ne, na robar PETG, kaurinsa milimita 14, irin wanda ake gasawa a lanƙwasa ya tsaya cak kamar gilashi. Mahaɗai goma sha biyu ne a zagayen da ruwan ke bi, ruwan da ya ci kuwa bai cika lita ɗaya ba. A jikin kwalbar ruwan an rubuta cewa lantarki ba ya bi ta cikinsa.

Furosesar tana cin wat 150 idan ta dage, katin hoton kuma wat 320. Duk wutar da suka ci zafi take zama, duk zafin kuma cikin ruwan nan yake shiga, ba shi da mafita sai ta lagireto ɗayan nan.

Abu ɗaya game da tsarin ya kamata a riƙe tun yanzu. A akwatin kwamfuta na tsaye, katin hoto a kwance yake, bayansa na kallon sama, furosesa kuma tana samansa. Mahaɗin da ke fitar da ruwa daga farantin furosesa ya faɗo daidai saman wurin da katin ya shiga gurbinsa a madabod.

Gwajin farko da watanni 13 na lafiya

Bai yi gaggawa ba. Ya cire wayoyin wuta daga madabod da katin hoto, ya bar famfo kaɗai. Ya ɗauki babbar wayar nan mai baki 24, ya haɗa baki na 16, wato koriyar waya, da baƙar da ke kusa da ita, don akwatin wuta, mai raba wa sassan kwamfuta lantarki, ya tashi ba tare da madabod ba. Ya shimfiɗa tishu a ƙarƙashin kowane mahaɗi, ya bar famfo yana juya ruwa awa 24. Tishu ya wayi gari a bushe ƙamas.

Daga nan har wata 13 babu abin faɗa. Fankoki na tashi da sauka yadda madabod ta tsara musu, aikinsa a lokacin kuma furosesa ce ke ɗaukar mafi yawansa. Ruwan tanki ya ragu da kamar santimita ɗaya, bai kuwa damu ba, don a shekarar farko kumfar iskar da ta maƙale a lagireto takan fito ta dawo tanki, ruwa ya maye gurbinta. Bai taɓa wanke lagireton ba.

Wata na 14: canje-canje uku

Na farko, ya koma wata manhajar zane da ke ɗora wa katin hoto kusan dukkan aikin, furosesa tana hutawa. Ya fara barin na'urar tana aiki daga dare har asuba.

Na biyu, tun da a ɗakin yake kwana, sai ya shiga saitin madabod ya danne fankoki. Ya ce su tsaya a juyi 600 a minti, kada su ƙara gudu sai zafin furosesa ya haura digiri 70.

Na uku, ya ga gibin da ke saman tanki bai yi masa kyau a ido ba, ya cika shi fal har baki, ya murɗa murfi.

Yana duba lambobi kullum, kuma lambobin ba su ba shi tsoro ba. Katin hoto digiri 70, furosesa 64 zuwa 67. Duk wanda ya saba da sanyaya na iska ya san kati a digiri 70 lafiyarsa lau. Zafin ruwan kansa ne babu mai aunawa, don bai sa ma'auni a zagayen ba.

Wata na 15, mako na ɗaya da na biyu: sikirin yana ɗaukewa

Ranar farko ya tashi da safe ya tarar sikirin baƙi ƙirin, fankoki na juyawa, aiki ya tsaya a tsakiya. Ya kashe ya kunna, komai ya dawo. Bayan kwana biyu ta sake. Wani lokacin kafin ta ɗauke, sai ƙananan ɗigogi masu launi su bazu a hoton.

Ya bi hanyar da kowa zai bi. Ya goge direban katin, wato manhajar da ke tafiyar da shi, ya sa sabo, ya dawo da tsoho. Ya gwada ram, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, da manhajar gwaji tsawon dare, babu kuskure ko ɗaya. Ya sake zuba Windows gaba ɗaya. Daga ƙarshe ya aro akwatin wuta daga wani abokinsa ya canja.

Abin da ya fi ruɗa shi, kowane gyara sai ya yi kamar ya ci. Kwana biyu, uku, shiru, har ya ce an rabu da Bukar, sai ta sake ɗaukewa. Daga baya ne aka gane dalili. Duk lokacin da yake waɗannan gyare-gyare, na'urar a kashe take ko tana aiki mara nauyi, ruwa ya huce, yoyo ya tsaya, danshin da ke gurbin katin ya ɗan bushe. Hutun ne ke yi mata magani na ɗan lokaci.

Mako na uku: zane a bayan kati

Yana mayar da akwatin wutarsa ne ya haska tocila, ya ga wani siririn zane fari-fari mai ɗan shuɗi a bayan katin, kusa da madabod, kamar sawun dodon koɗi. Ya taɓa da yatsa, ya ji danƙo. Ya ɗaga kai sama, ga mahaɗin furosesa daidai saitinsa. Ya shafa mahaɗin, a bushe.

Ya ɗauko filaya ya ƙara murɗa wuyan mahaɗin kusan rabin zagaye. Ya goge bayan katin da tishu, bai cire shi daga gurbi ba. Sannan ya maimaita gwajin ranar farko: famfo kaɗai, tishu, awa 24. Ko ɗigo babu. Ya mayar da wayoyi ya ci gaba da aiki.

Mako na huɗu: daren da ta tsaya

Kwana biyar bayan filaya, wajen awa uku da fara aikin dare, na'urar ta mutu ɗif, har fankoki. Ya ce ya ji ɗan ƙauri. Ya danna maɓalli, fankoki suka motsa suka tsaya. Ya jira minti goma ya sake dannawa, haka. Ya bar ta a jone da bango har gari ya waye, sannan ya kawo mini ita gyara.

Da na tambaye shi me ya hana shi zare waya tun a daren, cewa ya yi, "Malam, ai a kashe take. Kuma ruwan ma an ce wuta ba ta bin sa."

A teburin gyara: kwana uku na farko

Kwamfutar da aka kashe da maɓalli ba ta rabu da wuta ba. Muddin tana jone, akwatin wuta yana ci gaba da ba madabod bolt 5 na jiran kunnawa, daga ciki har akwai bolt 3.3 da ke isa gurbin katin hoto. Ga kuma ƙaramin batirin CR2032 mai bolt 3. Don haka kafin komai na zare waya, na cire batirin, na danne maɓalli na ɗan lokaci don ragowar cajin ya zube. Akwatin wutar na ajiye shi gefe ban buɗe ba. Manyan kafasitocin cikinsa, masu adana caji, sukan riƙe kusan bolt 400, ruwa kuma bai kai gare shi ba.

Bai sa bakin zubar da ruwa a zagayen ba, sai da muka kwantar da akwatin muka kwance tiyon ƙasa a kan kwano. Da na zare katin, ɓarnar ta bayyana. Gurbin ya jiƙe daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ɗigon a wuri ɗaya yake sauka, amma ramin gurbin siriri ne, yana jan ruwa kamar lagwani. A ƙarshen da ke kusa da bayan akwati, inda haƙoran bolt 12 suke, haƙora uku sun yi baƙi, robar gefensu ta narke kaɗan. Sauran tsawon gurbin kuwa wani gari ne kore-kore a tsakanin haƙora.

Wannan koren garin shi ne amsar maganar kwalba. Tsantsar ruwa da gaske ba ya barin lantarki ya wuce sai kaɗan ƙwarai. Amma ruwan da ya yi wata 15 yana gogar jan ƙarfe ya riga ya kwashi ɓurɓushinsa, idan kuma ya ɗiga a kan kati ya haɗu da ƙura da ragowar sinadarin dalma, ya tashi daga tsantsa. Inda haƙora biyu masu wuta suke kusa da juna a cikin danshi, ƙarfe yakan narke daga ɗaya ya taru a ɗayan, a hankali yana gina siririyar gada har su haɗe. Bolt 3 ma ya isa wannan aiki, lokaci kawai yake so. Sinadarin gilaikol da ake zubawa a irin wannan ruwa yana ƙara dagula lamarin: ba ya ƙafewa da sauri kamar ruwa, kuma yana jawo danshi daga iska. Danƙon da ya ji a yatsa ke nan.

Na kwance farantin katin da murfin bayansa, na wanke allon da sifirit na isofurofil mai kashi 99 da buroshi mai laushi, sau uku, har abin da ke gangarowa ya daina launi. Murfin farantin na akirilik ne, wata roba mai kama da gilashi, na nisanta shi da sifirit, don yana sa shi tsattsagewa. Haƙoran zinaren katin sun yi tabo amma ba su cinye ba. Na bar shi awa 72 a gaban fanka. Na auna layukan bolt 12 da mita, babu haɗewa. Da aka sa shi a wata madabod, ya kawo hoto.

Madabod ɗinsa kuwa ta tashi bayan wanki, amma babban gurbin ya gama. Gurbi na biyu layin wucewar bayanai huɗu kawai yake da shi maimakon goma sha shida. Sai aka canja ta.

Neman bakin yoyon

Nan ne aikin ya ɗauki lokaci. Na mayar da zagayen yadda yake, babu ruwa, na hura masa iska da famfon gwaji har allurar ma'aunin matsi ta kai bar 0.5. Minti 15 allura ba ta motsa ba. Gwaji na uku ke nan da wannan mahaɗi ya ci.

Sai na sa yatsa na ɗan tura tiyon da ke fita daga furosesa gefe, turawar da ba ta kai a murɗa maɓalli ba. Allura ta fara sauka. Na saki, ta tsaya.

Don a tabbatar, muka cika zagayen da ruwa mai ɗumi, babu wuta a komai sai famfo, muka rufe lagireto da kwali, muna ƙara ɗumin muna aunawa. A digiri 40 babu komai. A 48 babu. Da ya haura 52, wani ɗan ƙyalli ya bayyana a ƙasan wuyan mahaɗin, ya kumbura, ya rataya, ya faɗi. Bayan kamar minti huɗu wani ya biyo. Da ruwan ya huce, wurin ya koma kamar ba a taɓa yi ba.

Na kwance mahaɗin. Irin wannan mahaɗi ba ƙarfe ne ke tare ruwa ba, zobban roba ne: biyu a ciki, ɗaya a ƙarƙashin wuyan da ake murɗawa. Bakin tiyon ya wuce zobe ɗaya ne kawai a cikin biyun, don tun ranar haɗawa an yanka shi gajere da kamar milimita 3. Daidai inda zoben wuya ke matse shi kuma, tiyon ya yi ƙugu. Ma'aunin kauri ya nuna milimita 13.3 ta wani gefe, 13.7 ta wani, maimakon 14. Ya tsuke, kuma ya daina zama da'ira. Zoben wuyan kansa filaya ta murje shi ya yi lebur ta gefe ɗaya.

Saura tambaya ɗaya: shin ruwan yana kai wannan zafi a aikinsa na dare? Da sabuwar madabod ta zo, muka sa ma'aunin zafi a zagayen, muka mayar da saitinsa na juyi 600, da lagireton da ƙurarsa, muka sa wa mahaɗin guntun tiyo sabo, muna tsaye a kai. Ɗaki digiri 28. Cikin minti 50 ruwa ya kai 57, furosesa na nuna 66, fankoki ba su ƙara ko juyi ɗaya ba, tun da ba a kai 70 ɗin da aka ce musu ba. Muka kashe. Famfon D5 iyakarsa digiri 60 ne.

PETG yana fara laushi da wuri fiye da akirilik, shi ya sa yake da daɗin lanƙwasawa. Ba sai ya narke ba. Dare bayan dare a wannan zafi, da zobe yana matse shi, ya isa ya ba da kai sannu a hankali. Ga kuma tankin da aka cika fal. Lita ɗaya ta ruwa idan ta tashi daga digiri 25 zuwa 57 takan ƙaru da kamar mililita 12. Gibin iskar da ke saman tanki shi ke shanye wannan ƙari. Da aka cike gibin, matsin ya rasa wurin zuwa sai mahaɗin da ya fi rauni.

Abin da aka yi, da yadda ta kasance

An cire tiyon PETG duka, an sa mai laushi na baƙar robar EPDM, milimita 10 a ciki, 16 a waje, da mahaɗai masu matse shi ta ciki da waje, an murɗa su da hannu kawai. Bai so ba da farko, don kyan gani ya tafi. An juya hanyar ruwa yadda tiyon furosesa ke fita ta sama zuwa lagireto, babu mahaɗin da ya rage a saitin gurbin kati. An wanke lagireto, an ƙara na biyu irinsa a gaba. An sa bakin zubar da ruwa a can ƙasa. An bar gibin yatsa biyu a saman tanki.

Ma'aunin zafin ruwa ya zauna dindindin, fankoki kuma yanzu shi suke bi: su fara ƙara gudu a digiri 33, su ƙure a 42, na'ura ta yi ƙara a 45, ta kashe kanta a 50.

Gwaji kashi uku aka yi. Iska a bar 0.5 na minti 15, ana girgiza kowane tiyo da hannu. Ruwan sanyi awa 24 da famfo kaɗai. Sannan cikakken aiki awa shida, da tishu a ƙarƙashin kowane mahaɗi da mutum a kusa. Ruwa ya tsaya a digiri 39 a ɗaki mai 28, fankoki shida na juyi 1,000 ko ƙasa da haka. Bayan wata shida ya dawo da ita a canja ruwa. Bayan katin tsaf yake, sikirin bai sake ɗaukewa ba.

Hukunci

A ganina tiyon da aka yanka gajere ba shi ne babban mai laifi ba, ko da yake ta nan ruwan ya fita. Wata 13 ya yi a haka bai ɗiga ba. Abin da ya karya shi saitin fanka ne. A zagayen da furosesa da kati ke shan ruwa ɗaya, ɗaure fankoki da zafin furosesa kaɗai yana nufin wat 320 na kati za su iya kwarara cikin ruwa ba wanda ya sani. Da akwai ma'aunin ruwa, da daren farko ya ga 57 ya farga. Cika tanki ya ƙara matsi, ƙura ta rage iska, amma waɗannan mataimaka ne.

Gwajin awa 24 da tishu ba ƙarya ya yi masa ba. Yana kama mahaɗin da aka manta ba a murɗa ba, da zoben da ya yage. Famfo kaɗai ba ya ɗumama ruwa sosai, don haka yoyon da ke jiran zafi ba zai nuna kansa ba ko an yi mako ana jira. Kuskuren shi ne dogara da shi karo na biyu, bayan ido ya riga ya ga sawun ruwa a kan kati.

Asarar madabod kuwa a mako na uku aka yi ta, ba a daren da ta ƙone ba. Ranar da ya ga zanen nan, da ya zare katin ya leƙa gurbin, da wanki da sifirit da kwana uku na bushewa mai yiwuwa sun wadatar. Filaya ta ƙara ɓata zoben, rubutun kwalba kuma ya kwantar masa da hankali a inda bai kamata ba. Danna maɓalli sau biyu bayan ya ji ƙauri, da barin ta a jone har safe, ba na jin su ne suka kashe gurbin, amma su ne suka kusa haɗawa da katin, wanda ya fi komai tsada a akwatin.

Ya tambaye ni ko ya koma iska kawai. Na ce masa ga mai aiki irin nasa, da zai kwana yana barci na'ura na aiki babu mai kallo, babbar fankar iska ba abin rainawa ba ce, don iyakar lalacewarta ta tsaya, furosesa ta rage gudu. Ya yi shiru, ya ɗauki guntun tiyon nan mai ƙugu yana juya shi a haske, sannan ya ce zai ci gaba da ruwan, amma in nuna masa inda ake saita ƙarar digiri 45.